Inshorar rai ta waya: na ga saurin karɓa, ina saurin biya?

Mai Yadi, Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san cikin aikin inshora, don maganar nan ta hana ni barci kwana biyu.

Yadi nake sayarwa a babbar kasuwar Sakkwato, ina da mata da yara huɗu. Ranar Talata wani yaro mai ladabi ya shigo shagona, wakilin wani kamfanin takaful ne, wato inshorar Musulunci. Ya ce in riƙa zuba naira 20,000 duk wata har shekara 15 saboda karatun yara. In Allah ya ja kwana, in karɓi abin da na tara da ribar da aka samu. In kuma ta Allah ta kasance kafin lokacin, kamfani ya biya iyalina abin da aka yi yarjejeniya a kai. Na ce masa ina fom? Ya ce ai babu fom yanzu. Lambar NIN, lambar BVN, ya ɗauki hotona, in amsa 'yan tambayoyi kan lafiyata, kafin shayin da ke gabana ya huce takardar shaida ta shigo wayata. Zubin ma ba sai na taka ko'ina ba, banki ne zai riƙa cirewa da kansa.

Na ce ya ba ni mako guda. Ga dalilina.

Yayana, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu cikin azumin 2022. Mu ba mu ma san akwai wata inshora a kansa ba. Ranar addu'ar bakwai wani abokin aikinsa ya ja ni gefe, ya ce dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai, abin da bai gaza ninki uku na albashin shekara ba, don haka marayun nan suna da haƙƙi bayan kuɗin fansho. Na yi hamdala, na ɗauka abu ne na wata ɗaya ko biyu.

Wata goma sha huɗu na yi ina zarya. Takardar asibiti, shaidar mutuwa daga hukumar ƙidaya, takardar kotu ta magada, takardar ɗaukar aiki, takardar albashin ƙarshe. Da muka jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, sai muka tarar gara ta shiga ta cinye gefen takardar ɗaukar aikin, daidai wurin kwanan wata. Matarsa na zaune bakin gado cikin takaba, tana riƙe da takardar da hannu biyu kamar za ta farfashe, ba ta ce komai ba. Har yau in na tuna wannan zaman sai ƙirjina ya yi nauyi.

Wannan ma mai sauƙi ne. Da na kai takardun, wata baiwar Allah a ofishin ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta ce in duba da kaina. Sunansa iri uku: na banki daban, na wurin aiki daban, na katin ɗan ƙasa kuma an taƙaita shi. Suna ɗaya ne, boko ne ya rubuta shi hanya uku. Shekarar haihuwa ma ta saɓa da shekara biyu. Ta ce na'ura ba za ta wuce da fayil ɗin ba sai sun daidaita. Na ce Hajiya, mai sunan yana maƙabarta, wa zai zo ya gyara? Sai rantsuwa a kotu, sai wasiƙa daga wurin aiki, sai a aika hedikwata, sai a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kafin kuɗin su fito matar ta gama takaba, ta sayar da ɗan kunnenta na zinari, ta kwashi yara ta koma gidansu a Bodinga.

An biya daga ƙarshe, ban ce an ci haƙƙinmu ba. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. A waccan ranar kwamfuta ce ta tsayar da mu. Yau kuma an ce mini kwamfuta ce za ta sauƙaƙa komai. To tambayata: saurin nan da ake yi wajen shigar da mutum da cire kuɗinsa, haka yake ranar da matata za ta je karɓa ba na nan? Kuma abin da babu takarda a hannu, shekara 15 nan gaba da me za ta kafa hujja? Naira miliyan 3 da dubu 600 ne jimillar zubin, ba kuɗin da zan jefa a rijiya ba ne in tsaya jiran ƙara.

Ɗan Gwadabawa a Legas:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan Yaya, ya raya abin da ya bari. Shekarata takwas a sashen biyan haƙƙi na wani kamfanin inshorar rai, don haka ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗa maka yadda abin yake daga ciki.

Zarginka yana da tushe. Kamfanoni sun fara sa na'ura ne a ƙofar shigar kuɗi, saboda nan ne ribar ta fi fitowa fili. Ɗaukar mutum ɗaya ta takarda yana cin kuɗi: fom, mai buga shi a kwamfuta, mota zuwa hedikwata, ɗakin ajiyar fayil. Shi ya sa da can wakili ba ya bin mai zubin dubu biyar. Da waya ta shigo wannan kuɗin ya ragu, ƙaramin ɗan kasuwa ma ya zama abin nema. Sashen biya kuwa a baya aka bar shi, a wurare da yawa har yanzu mutum ne ke buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya.

Amma abin da ya same ku da Yaya, a ganina, gadon zamanin takarda ne, kwamfuta ta zo ta tone shi kawai. An ɗauke shi aiki tun kafin a kawo BVN a 2014, kowane ofis ya rubuta sunansa yadda kunnen magatakarda ya ji. Ba wanda ya gwama su sai ranar da ya rasu. Kai kuwa yau, in aka buga lambar NIN ɗinka, sunan da ke rumbun NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, shi zai hau kan takardarka, in ya saɓa da na banki tun yanzu za a gani, kana raye, kana iya zuwa ka gyara. A fayil ɗin da ke zuwa teburina, wanda aka buɗe da bayanai daidaitattu ba ya daɗewa. Masu kwana su ne masu saɓanin suna, da waɗanda ba a rubuta magaji ba, da waɗanda zubinsu ya yanke.

Wannan na ƙarshen shi nake so ka buɗe kunne a kai, don shi ya fi kashe mutane. Cirar kai tsaye daga banki tana da daɗi ranar da akwai kuɗi a asusu. Ku 'yan kasuwa kuɗinku ba sa kwana, ka sayar yau gobe ka tura Kantin Kwari a Kano. In na'ura ta zo cira ta tarar babu, sai ta koma, ta turo saƙo da Turanci wanda ba lalle ka karanta ba. Galibi akan ƙara maka wa'adin kwana 30 ka biya. In ya wuce, kariyar ta tsaya, kai kana zaune kana ganin kana da inshora. Ƙa'idar "ba zubi, ba kariya" an rubuta ta cikin dokar inshora ta 2003, kuma tun Janairun 2013 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta tsaurara aiki da ita. Na sha ganin iyali sun zo da hawaye, a duba a ga wata biyar ba a ciri ko kwabo ba. Da can wakili ne zai zo shago ya ce Alhaji wata ya kama. Yanzu ba mai zuwa. Don haka ka ware asusu daban na wannan zubin, ka sa a riƙa cira a ranar da ka san ciniki ya taru.

Na biyu, ka sa yaron ya nuna maka a rubuce nawa za a ba ka in ka fasa bayan shekara ɗaya, ko uku, ko biyar. A shekarun farko abin da za ka karɓa bai kai abin da ka zuba ba, saboda kamashon wakili da kuɗin gudanarwa daga nan ake ɗibarsu. Yaron ba lalle ya faɗa maka ba sai ka tambaya.

Tambayoyin lafiyar nan kuma kada ka bari ya danna maka "a'a" don sauri. In kana da hawan jini ko ciwon suga ka faɗa. Zubi zai iya ɗan ƙaruwa, amma ɓoyewa ita ce ƙofar da ake bi a ƙi biya.

Batun ko kamfanin zai kai shekara 15, wannan manhaja ba ta amsa shi, jari ne ke amsawa. A 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, kuma tsofaffin kamfanoni ne da aka sani. Sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai zuwa naira biliyan 10, daga biliyan 2 da ake kai. Ka shiga shafin NAICOM ka duba sunan kamfanin cikin masu lasisi kafin ka ba da lambarka ko ɗaya. Kuma kada ka tura kuɗi asusun wakili, ko da ɗan unguwarku ne, sai asusun da ke ɗauke da sunan kamfani.

Malamar Firamare, Arkilla:

Malam Mai Yadi, ni ta ɓangaren matarka zan yi magana, don na zauna inda kake tsoron ta zauna.

Maigidana ya rasu shekara uku ke nan. Komai nasa a waya yake, kuma wayar da zanen yatsa ake buɗe ta. Ban san lambar sirrin ba, ban taɓa tambaya ba, don a tarbiyyarmu mace ba ta binciken wayar miji. Bayan na fita takaba ƙanensa ya ce yana jin marigayi ya taɓa maganar wani zubi na karatun yara, amma bai san kamfanin ba. Babu takarda, babu rasit. Da ƙyar muka samo bayanan asusunsa daga banki bayan takardar kotu ta fito, muka bi layi-layi da biro har muka ga sunan da ke cirar kuɗi duk ranar 28 ga wata. Da muka je, suka ce za su tura lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajista da shi. Layin kuwa ya daɗe a rufe cikin durowa, har kamfanin waya ya sake sayar da shi. Da na kira, wani mutum ne ya ɗauka a Zariya.

An warware daga baya, kuma gaskiya da takardu suka cika kuɗin ba su yi mako uku ba suka shigo asusuna. Ban hau mota zuwa ko'ina ba, hoton takardun na ɗauka na tura. Wannan na yaba. Amma watanni bakwai na ɓata kafin in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Roƙona gare ka da duk magidancin da ke karanta wannan: in ka yi, ka je wurin masu buga takardu a fitar maka da shaidar, kofi biyu, a liƙe ta da leda saboda gara da ruwa. Ɗaya wurin matarka, ɗaya wurin ɗan'uwan da ka amince da shi. Ka sa lambar wayarta a matsayin ta biyu. Ka zaunar da ita ka faɗa mata da bakinka. Na san mazanmu ba sa son maganar mutuwa a ɗaki, suna ganin kamar kiran ta ne. Ba kiran ta ba ne, tana tafe ko an yi magana ko ba a yi ba.

Baba Mai Albasa, Goronyo:

Ɗana, ni dattijo na, jikata ka rubuta min wagga magana ina hwaɗi. Nib bar aikin tarayya 2017. Anka ce in zaɓi ɗaya cikin biyu: ko kamfanin fansho shi riƙa gutsura min daga kuɗɗina, ko in miƙa su ga kamfanin inshora shi biya ni duk wata har ranar da Allah ya karɓi abinai. Niz zaɓi na biyu. Sharaɗin shi na, in nim mutu cikin shekara 10 na farko a ba magada sauran, in nih haura haka ba su da komi. Kuma wanda yash shiga ba ya komawa baya.

Ba su taɓa fashin wata ba, wanga gaskiya ta. Da can sai na tahi birni duk shekara a gan ni da ido a tabbatar ina raye. Yanzu jikata ka riƙe waya, in dubi gilashi, a ce in kihta ido, in juya kai, shi ke nan an gama ina zaune bisa tabarmata. Ga mai ciwon gwiwa wanga ba ƙaramin abu ba na.

Amma ka tuna 2021, da anka katse sabis ga ƙananan hukumomi 14 na jihag ga saboda 'yan bindiga. Mu nan muna ciki. Kuɗɗi sun shiga banki, ba ka da labari, masu POS sun rufe. Sai mutum ya hau mota hanyar da kowa ka tsoro don ya samu inda waya ka kamawa. Masu tsara abubuwan ga suna zaune inda wuta da sabis ba su yankewa, ba su san da mu ba.

Abin da yaf fi damuna kuwa ba waya ba ta. Abin da aka ba ni yau shi na aka ba ni 2017, bai ƙaru ba. Man fetur bai kai naira 200 ba kafin a cire tallafi watan Mayun 2023, daga baya har ya haura 1,000. Kuɗɗin da ka ciyar da gida wata guda, yanzu kwana goma ba su kaiwa. Ba don albasar da nika nomawa bakin dam ba, da ban san yadda za mu yi ba. Don haka ka tambai yaron: miliyan ukun nan da yab ba ka labari, mi za su saya shekara 15 nan gaba? Kada ka zuba ƙarfinka duka wuri guda. Ka yi wanga kaɗan don kariya, saura ka sa ga hili ko bisashe.

Ɗalibi daga Gidan Kanawa:

Ƙari kaɗan Alhaji, tunda takaful ne. Zubinka kashi biyu ake yi masa. Ɗaya ajiyarka ce da ake juyawa a halal, kamar sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci. Ɗayan tabarru'i ne, kyauta ce ka bayar cikin asusun taimakon juna, daga nan ake biyan iyalin wanda ya rasu, kamfani kuma yana ɗaukar ladan wakalci. A Sudan aka fara wannan tsari a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a Najeriya a 2013, kuma dole kowane kamfani ya kasance da majalisar malamai masu duba shari'a. To ka ce yaron ya buɗe manhajar ya nuna maka kashi nawa ke tafiya kowane ɓangare. In manhajar jimilla kawai take nunawa, ba ta ba ka abin da ya fi muhimmanci ba. Sannan ka tambayi malaminka hukuncin wanda za ka rubuta sunansa a matsayin mai karɓa, shin kuɗin nasa ne ko amana ce a raba wa magada, don kada a bar yara da rigima.

Mai Yadi, Mabera:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malama, maganarki ta fi taɓa ni, Allah ya jiƙan maigida. Daren jiya bayan isha'i na zaunar da uwar yara na karanta mata abin da kika rubuta. Ta yi kuka, ta ce in bar wannan zance, na ce ba zan bari ba. Na ba ta lambar buɗe wayata ta rubuta a bayan littafin azkar ɗinta.

Yau da safe yaron ya dawo. Sunan kamfanin yana cikin jerin masu lasisi, ɗana babba ya duba mini. Na yi masa tambayoyinku ɗaya bayan ɗaya. Rabon kashi biyun ya nuna mini a waya. Na abin da zan samu in na fasa bayan shekara uku kuwa bai sani ba, ya kira ogansa a gabana, aka ce za a turo a rubuce kafin Alhamis.

Sai ga abin da ban zata ba. Da ya buga lambobina don gwaji, na'ura ta tsaya. A banki sunan mahaifina ne na ƙarshe, a katin ɗan ƙasa kuwa sunan unguwarmu aka sa. Shekara da shekaru ina ciniki da asusun nan ban lura ba. Na zauna shiru ina kallon wayar, fuskar matar Yaya da takardar nan a hannunta ta dawo mini.

Ban sa hannu ba tukuna. Baba, na ji shawararka, in zan yi da 10,000 zan fara. Gobe in Allah ya kai mu yaron shago zai buɗe, ni da sassafe zan tafi banki a fara gyaran sunan. Ɗan Gwadabawa, in takardar Alhamis ta iso zan sa hotonta nan ka duba mini ita kafin in yanke.